Me ya hana masu ƙera manhajojin kwamfuta haɗa kai a kan gajerun hanyoyin kibod?

Akanta_Mai_Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sani. Duk wanda yake aiki da kwamfuta ya san cewa Ctrl+C na kwafa, Ctrl+V na liƙawa, Ctrl+Z kuma na janye abin da aka yi na ƙarshe, kuma kusan babu manhajar da ta saɓa wa wannan. To amma da zarar an wuce waɗannan 'yan ƙalilan, sai kowa ya kama gabansa. Ku ɗauki Ctrl+D kaɗai. A Excel yana cika ɗakunan ƙasa da abin da ke na sama, a Word yana buɗe akwatin zaɓen salon harufa, a PowerPoint yana mayar da abin da aka zaɓa ya zama biyu, a File Explorer yana jefa fayil cikin kwandon shara, a burauza yana ajiye shafi cikin waɗanda ake son komawa gare su, a Photoshop kuwa yana sakin abin da aka zaɓa. Huɗun farko duk kamfani ɗaya ne ya yi su.

A ganina ya kamata a sami wata hukuma ta duniya da za ta tsara jeri ɗaya, a ce duk manhajar da za a sa a kwamfuta dole ta bi shi, kamar yadda aka daidaita bakin USB har kowane kamfani ya bi. Shin akwai wani dalili na fasaha da ya hana a yi haka, ko kuwa taurin kai ne kawai?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam Akanta, abin da kake nema an taɓa gwada shi, kuma wanda ya gwada ba ƙaramin kamfani ba ne. A 1987 IBM ya fitar da wata ƙa'ida mai suna Common User Access, wadda ake taƙaitawa da CUA, domin a wancan zamanin rikicin ya fi na yau nesa ba kusa ba. A manhajar rubutu ta WordPerfect ta tsohon tsarin DOS, F7 ne ke fitar da mutum daga manhajar, F3 ne ke kawo taimako, F1 kuma sokewa yake yi. A manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 sai ka danna alamar / kafin jerin umarni ya bayyana. WordStar, wata manhajar rubutun, shi ma yana da nasa, inda Ctrl tare da E, S, D da X suke kai alamar rubutu sama, hagu, dama da ƙasa. Mu da muka koyi aiki a lokacin, wani siririn kati muke ɗorawa a gefen maɓallan F, an rubuta aikin kowane maɓalli a jikinsa, in ka canza manhaja sai ka cire shi ka ɗora wani.

CUA ce ta tsayar da cewa F1 na taimako ne, F10 da Alt su kai mutum jerin umarni na sama, Tab ya riƙa tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi. Windows da OS/2 (wani tsarin kwamfuta na IBM) da Motif (wani kayan gina manhaja) duk sun ɗauka, shi ya sa har gobe F1 ke buɗe taimako. Sai dai ita wannan ƙa'idar cewa ta yi a yanke da Shift+Delete, a kwafa da Ctrl+Insert, a liƙa da Shift+Insert. Wa yake amfani da su yau in ba irinmu tsofaffi ba? Suna nan suna aiki a yawancin manhajojin Windows, amma jama'a sun karkata ga irin na Apple, har Microsoft ya shigar da Ctrl+Z, X (na yankewa), C da V a Windows 3.1 a 1992. Abin da hukuma ta rubuta a takarda ya sha kaye a hannun abin da ya fi yi wa yatsu daɗi.

Uwar_Biyu:
Ni dai ina tare da Malam Akanta ɗari bisa ɗari. Aikina buga takardu ne, kuma idona ba ya kan kibod, yana kan takardar da nake kwafa. Akwai wata manhajar cike bayanai da muke amfani da ita a wurin aiki, wadda idan na danna abin da na saba adana aiki da shi a sauran manhajoji, sai ta share gurbin da nake ciki ta buɗe sabo. Ba na ganewa sai na ɗago kai, lokacin kuwa na riga na buga layuka da dama a inda bai kamata ba.

Ɗan_Linux:
Kafin a ce kowa ya yarda da Ctrl+C, a tuna cewa masu kwafa su ne baƙi a kan wannan maɓallin, sun tarar da mai gida. Tun tsarin ASCII na 1963, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, aikin Ctrl shi ne ya mayar da harafi ya zama lambar sarrafa na'ura. Ctrl+C lamba ta 3 ce, kuma a Unix, tsarin kwamfutar da Linux ya kwaikwaya, ita ce ke katse shirin da ke gudana. Ctrl+D lamba ta 4 ce, tana nuna ƙarshen abin da ake shigarwa, kuma tana iya rufe tagar umarni, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, gaba ɗaya. Ctrl+H shi ne goge harafin baya, Ctrl+I shi ne Tab, Ctrl+M shi ne Enter. Ctrl+Z yana dakatar da shiri ya ajiye shi gefe. Wanda ya fi rikita sababbin shiga shi ne Ctrl+S, domin yana tsayar da fitowar rubutu a allo, mutum ya zaci kwamfutar ta sandare, alhali Ctrl+Q kawai zai danna komai ya ci gaba.

Saboda haka a yawancin tagogin umarni na Linux sai an ƙara Shift, a danna Ctrl+Shift+C kafin a kwafa. Idan hukumar da Malam Akanta yake so ta ce dole Ctrl+C ya zama kwafa a ko'ina, da me zan tsayar da shirin da ya kama share fayiloli bisa kuskure? Apple bai faɗa wannan ramin ba domin ya ƙirƙiro maɓallinsa na daban, wato Command, ya bar Ctrl da tsohon aikinsa. Kibod ɗin kwamfutocin IBM da makamantansu ba shi da irin wannan maɓallin, shi ya sa aka ɗora wa Ctrl kaya biyu. Maɓallin Windows bai zo ba sai 1994, lokacin an riga an saba.

Malamar_Kwamfuta:
Ina so in ɗan yi gyara a kan maganar Baba Tsohon_Hannu, tare da girmamawa. Tunanin yankewa da kwafa da liƙawa ya girmi shigarsa Apple. Larry Tesler da Tim Mott ne suka gina shi a wata manhajar rubutu mai suna Gypsy, a cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto, a tsakiyar shekarun 1970. Daga baya Tesler ya koma Apple, aka sa Z, X, C da V a Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984. Ya rasu a 2020.

Abin da ya sa suka karɓu kuma a fili yake ga duk wanda ya kalli hannunsa. Huɗun suna jere ne a layin ƙasa ta hagu, dab da maɓallin da ake riƙewa, saboda haka hannun hagu yana gama aikin shi kaɗai, na dama kuma yana kan linzami bai motsa ba. Shift+Insert kuwa sai ka saki linzamin ko ka miƙa hannun hagu ya ƙetara kibod. Ina ganin wannan a ɗalibaina kullum: cikin mako guda yatsunsu sun haddace waɗannan huɗun, amma in na tambaye su wane harafi suke dannawa, sai sun kalli kibod kafin su ba ni amsa.

Tsohon_Hannu:
Malama, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Abin da kika ƙara ma ya ƙarfafa maganata ne.

Mai_Fassara:
Maganar Malama ta kawo mu inda nake ganin shawarar Malam Akanta za ta cije. Idan za a daidaita, harafin za a daidaita ko wurin da maɓallin yake? Layin Z, X, C, V na kibod ɗin Ingilishi ne. A kibod ɗin Jamusanci an musanya Z da Y, saboda haka Ctrl+Z yana can sama a tsakiya, hannu ɗaya ba ya kai masa cikin sauƙi. A na Faransanci kuwa W ne ke zaune a inda Z yake, wato maɓallin da ke rufe taga yana maƙwabtaka da na yankewa, a daidai wurin da yatsan wanda ya saba da kibod ɗin Ingilishi zai je neman janye kuskure.

Sannan ga batun manhajojin da aka fassara. A Word na Sifaniyanci, Ctrl+G ne ke adanawa, Ctrl+N ne ke kaurara rubutu, Ctrl+S kuma ja layi yake yi a ƙarƙashin kalma. A na Faransanci Ctrl+G kaurara rubutu yake yi. Na taɓa yin aiki a kan kwamfutar wani abokin aiki da ke amfani da irin wannan fassararriyar manhajar, na yi ta danna abin da na sani na adanawa, ashe layi nake ta ja ina gogewa a ƙarƙashin kalmomi, takardar kuwa ba a adana ta ba ko sau ɗaya. Miliyoyin mutane sun girma da wannan tsarin, kuma a wurinsu namu ne baƙo. Wa zai ce musu su bar nasu?

Injiniyan_Manhaja:
Tambayar Mai_Fassara ita ce ainihin ciwon kanmu mu masu rubuta manhaja. Idan aka danna maɓalli, saƙo iri biyu ne ke iso mana: lambar wurin da maɓallin yake a jikin kibod, da kuma harafin da tsarin harshen mutum ya fassara shi zuwa gare shi. Dole mu zaɓi wanda za mu saurara. Masu wasannin kwamfuta sun fi bin wuri, shi ya sa W, A, S, D, da ake motsa ɗan wasa da su, suke komawa Z, Q, S, D a kibod ɗin Faransanci. Manhajojin ofis sun fi bin harafi. To mai rubutu da Larabci ko Rashanci fa, wanda babu C ko V a cikin harufansa? Shi sai an koma ga harafin Latin da ke wannan wurin. Apple ma har wani tsari na musamman ya yi wa masu kibod ɗin Dvorak mai wani jerin harufa daban, wanda da zarar an riƙe Command sai maɓallan su koma jerin Ingilishi na QWERTY.

Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba. A Windows, maɓallin Alt na dama a kibod ɗin harsuna da yawa, wanda ake kira AltGr, daidai yake da danna Ctrl da Alt a tare, kuma da shi ake fitar da harufa na musamman. Saboda haka duk manhajar da ta ɗauki Ctrl+Alt da wani harafi a matsayin gajeriyar hanya, tana iya hana wani rubuta harshensa. Ya faru da shafin Medium: sun tare Ctrl+S domin kada akwatin adanawa na burauza ya riƙa fitowa, sai masu rubutu da harshen Poland suka kasa fitar da harafin ś, wanda suke samu da AltGr da S. Marcin Wichary, wanda yake aiki a can a lokacin, ya yi bayanin abin dalla-dalla a 2015.

Mai_Zane:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan daidaitawar ba ko kaɗan. Mai lissafi da mai zane ba aiki ɗaya suke yi ba. Ctrl da harafi ɗaya gurabe 26 kawai yake bayarwa, manhajar zane kuwa tana da ɗaruruwan umarni, kuma wanda nake buƙata a kowane minti ba shi ne wanda Malam Akanta yake buƙata ba. Sakin abin da na zaɓa ina yinsa ba adadi a rana, dole ya zauna a ƙarƙashin yatsana. In aka ce an keɓe Ctrl+D domin wani aikin da ba na yi sam, an ɓata mini wuri mafi kyau a kibod domin a faranta wa wanda ba zai taɓa buɗe manhajata ba.

Kuma sauyi yana da tsada. Shekara da shekaru a Photoshop, Ctrl+Z mataki ɗaya kawai yake komawa baya, in ka sake dannawa sai ya dawo da abin da ka janye, wanda yake son ya ci gaba da komawa baya sai ya danna Ctrl+Alt+Z. A 2018 suka mayar da shi irin na sauran manhajoji. Sababbi sun ji daɗi, tsofaffin hannu kuwa da yawa sun shiga saituna sun dawo da tsohon tsarin, domin kamfanin ya bar wannan zaɓin. Blender ma a sigar 2.80 ta 2019 sun ƙara wani jerin maɓallai da ya yi kama da na sauran manhajojin zane, amma ba su cire nasu na asali ba. Ni wannan ce hanyar da ta dace.

Akanta_Mai_Lissafi:
Malam Mai_Zane, masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Da hujjar sabo za a bi, da har yanzu muna ɗora katin da Baba Tsohon_Hannu ya ba mu labari. Ban ce a taɓa maɓallan goga da fenti ba. Amma mene ne na zane a cikin dawo da abin da aka janye? A Word Ctrl+Y ne, a Photoshop da manhajojin Apple Shift ake ƙarawa a kan Z. Aiki ɗaya ne, ma'ana ɗaya, hanya biyu.

Injiniyan_Manhaja:
Abin ma ya wuce hanya biyu, Malam. A WordStar Ctrl+Y share layi yake yi, kuma wannan gadon ya bi manhajojin rubuta shiri da dama, har IntelliJ a tsarinsa na asali na Windows. A manhajar rubutu ta Emacs kuma Ctrl+Y liƙawa ne. Mutum ya janye matakai goma domin ya duba wani abu, ya danna Ctrl+Y da niyyar dawowa, sai ya share layi, kuma tun da wannan sabon gyara ne, tarihin abin da zai dawo da shi ya tafi.

Bawan_Emacs:
Tun da an ambace mu, bari in ce wani abu. Emacs da takwararta vi duk sun samo asali a 1976, sun girmi CUA da Macintosh. Bill Joy ya rubuta vi a kan wata na'ura mai suna ADM-3A, wadda aka zana kibiyoyi a jikin maɓallanta na H, J, K da L, Esc kuma yana inda Tab yake a yau, shi ya sa tsarin vi yake yadda yake. Ba mu muka saɓa wa jama'a ba, jama'a ce ta zo daga baya ta saɓa mana. Kuma ko masu Mac suna amfani da namu ba su sani ba: a gurbin rubutu na macOS, Ctrl+A yana kai ka farkon layi, Ctrl+E ƙarshensa, Ctrl+K kuma ya share daga inda kake zuwa ƙarshe. Wanda yake son C da V a Emacs, akwai cua-mode, ya kunna abinsa.

Ɗan_Linux:
Malam Bawan_Emacs, tsakani da Allah, manhajar da sai an danna Ctrl+X sannan Ctrl+C kafin a fita daga cikinta ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi. Mu a vi aƙalla yatsunmu ba sa barin layin tsakiya.

Mai_Kula_da_Zaure:
Don Allah kada a mayar da wannan zaren filin rigimar vi da Emacs, an yi ta a wasu wuraren ba a gama ba. A koma kan tambayar Malam Akanta.

Mai_Gani_da_Kunne:
Na daɗe ina sauraron muhawarar nan, kuma na lura kowa yana magana ne a kan sauri da jin daɗi. Ni makaho ne, ba na amfani da linzami kwata-kwata, da kibod da manhajar da ke karanta mini allo nake komai. A wurinku idan gajeriyar hanya ta ƙi, sai ku kai linzami ku danna. Ni idan ta ƙi, aikin ya tsaya ke nan. Abin da ya rage na CUA a Windows, wato Alt ya buɗe jerin umarni, Tab ya zagaya gurabe, Esc ya fitar da ni, shi ne yake ba ni damar shiga manhajar da ban taɓa sani ba in lalubi hanyata. Manhajojin zamani da yawa, musamman waɗanda a gaskiya shafin intanet ne aka sa masa riga, sun watsar da wannan. Ka danna Alt shiru, ka danna Tab ya shiga wani akwati ya ƙi fita.

Masu yin manhajojin karanta allo irin su NVDA da JAWS sai da suka nemi maɓallin da ba kowa ke damuwa da shi ba, wato Insert ko Caps Lock, suka mayar da shi nasu, domin an riga an cinye Ctrl da Alt. Yanzu kuma kibod ɗin ƙananan kwamfutoci da dama sun ɓoye Insert a bayan Fn.

Malam Mai_Zane, ban ƙi ka riƙe Ctrl+D ɗinka ba. Amma gajerun hanyoyi na harafi ɗaya tak, ba tare da Ctrl ba, suna da haɗari ga mai yi wa kwamfuta magana da murya, domin kalma ɗaya da na'ura ta ji ba daidai ba tana iya zama umarni biyar a jere. Shi ya sa WCAG 2.1 ta 2018, ƙa'idar sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman shafukan intanet, ta ce dole a ba mutum damar kashe su ko canza su, ko kuma su yi aiki kawai idan mutum yana kan gurbin da suka shafa. Wannan ƙa'ida ce rubutacciya, kuma ta yi amfani, saboda haka ban yarda cewa takarda ba ta taɓa cin nasara ba.

Malamar_Kwamfuta:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Wannan ɓangaren ban taɓa kawo wa ɗalibaina shi ba, kuma ya cancanci darasi guda. Akwai ma masu hannu ɗaya ko masu rawar hannu, waɗanda riƙe maɓallai uku a lokaci guda yake gagara. Saboda su aka yi Sticky Keys, mai barin a danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, wanda ke fitowa a Windows idan an danna Shift sau 5 a jere. Duk wanda zai tsara jeri na bai ɗaya, ya kamata ya sani cewa Ctrl+Shift+Z ya fi Ctrl+Y wahala a wurin irin waɗannan.

Sakataren_Ofis:
Wani abin ma ba fasaha ba ce, ba kuma tarihi mai zurfi ba. A tsohon Outlook, manhajar imel ta Microsoft, Ctrl+F ba nema yake yi ba, tura saƙo gaba yake yi, nema kuwa sai F4. Raymond Chen, wanda ya daɗe yana aiki a Microsoft, ya rubuta cewa da farko nema aka sa masa kamar kowa, sai wani daga cikin masu gwajin Exchange, manhajar saƙon da ta gabaci Outlook, ya kai ƙorafi cewa shi ya saba da Ctrl+F na tura saƙo a manhajar da yake amfani da ita a da. Mai ƙorafin kuwa Bill Gates ne. Saboda haka Malam Akanta, amsar tambayarka ta ƙarshe, wani lokacin e, sabon mutum ɗaya ne ya zama na kowa.

Injiniyan_Manhaja:
Bari in faɗi abin da yake akwai a ƙasa, domin kada a ɗauka babu wani tsari sam. ISO tana da ƙa'ida a kan shimfiɗar kibod, ISO/IEC 9995, amma ita maganar inda maɓallai suke zaune take yi. Abin da ke daidaita gajerun hanyoyi a aikace shi ne kayan aikin da muke gina manhaja da su. Apple da GNOME da KDE (masu tsara fuskar allo a Linux) kowa yana da littafin jagora ga masu rubuta manhaja. A Qt, ɗaya daga cikin kayan aikin nan, ba sai na rubuta Ctrl+Y ba, cewa kawai nake yi ina son umarnin dawo da abin da aka janye, ita kuma ta zaɓi maɓallin da ya dace da tsarin da manhajar ke gudana a kai. A Electron, wani kayan aikin, akwai CommandOrControl, wanda ke zama Command a Mac, Ctrl a sauran. Mai rubuta manhaja ɗan sauƙi ne, abin da ya tarar an shirya masa shi yake ɗauka, shi ya sa manhajojin Mac suka fi na kowa kama da juna: Command da waƙafi yana buɗe saituna kusan a ko'ina.

Abin da ni zan so shi ne a raba kibod gida uku. Maɓallin Windows ko makamancinsa na tsarin kwamfuta ne kaɗai. Wasu umarni kamar ashirin da kowace manhaja ke da su, buɗewa, adanawa, nema, bugawa, rufewa da sauransu, mutum ya saita su sau ɗaya a wuri ɗaya, kowace manhaja ta karanta daga can. Ragowar kuma na Malam Mai_Zane ne, ya yi yadda ya so. KDE ta riga ta yi wani abu mai kama da haka ga manhajojinta, macOS kuma yana barin mutum ya canza maɓallin kowane umarni idan ya rubuta sunansa daidai yadda yake a jerin umarni.

Mai_Fassara:
Idan ya rubuta sunansa daidai, a wane harshe? Manhajar da ba a fassara ba fa, a kwamfutar da aka saita da wani harshen? Mun dawo inda muka taso.

Uwar_Biyu:
Ni duk wannan saitin ba zai amfane ni ba, domin kwamfutar wurin aiki a kulle take, ba a barin mu sa manhajojin canza maɓallai irin su AutoHotkey ko PowerToys ko mu taɓa komai. Kuma mu uku ne muke karɓa-karɓa a kanta. In kowa ya canza nasa, wadda ta zo bayana ta shiga uku. Abin da aka tarar a manhaja tun daga kamfani, shi yawancinmu za mu rayu da shi.

Akanta_Mai_Lissafi:
Na gode wa kowa. Har yanzu ina kan bakana cewa a daidaita, amma idan ba za a sami duka ba, to a fara da waɗanda ke jawo asara. Maɓallin da ba shi da illa a wata manhaja kada ya zama mai sharewa a wata. Shift+Delete da Baba ya ambata yankewa ne a cikin rubutu, ana iya liƙa abin a dawo da shi, amma a File Explorer share fayil yake yi ba tare da ya bi ta kwandon shara ba. Q yana kusa da W, ɗaya shafi guda yake rufewa, ɗayan kuma manhajar gaba ɗaya. Kamar motoci ne: kowane kamfani yana sa maɓallin rediyo inda ya ga dama, amma babu wanda yake musanya birki da totur.

Tsohon_Hannu:
A kan wannan kam akwai misalin da ya goyi bayanka. Shekaru da yawa Backspace yana mayar da burauza shafin baya, mutane suna cike fom, su danna shi da nufin goge harafi alhali alamar rubutu ta fita daga gurbin, duk abin da suka rubuta ya tafi. Chrome ya cire wannan a 2016, Firefox ya bi baya a 2021. An yi ta ƙorafi, amma ya zauna. Sai dai ka lura, babu hukumar da ta umarce su. Ɗaya ya yi, ɗayan ya ga ya yi kyau ya kwaikwaya, kamar yadda Ctrl+T na buɗe sabon shafi da Ctrl+Shift+T na dawo da wanda aka rufe suka zama ɗaya a burauzoji, kamar kuma yadda a manhajojin rubuta shiri VS Code ya ɗauki Ctrl+Shift+P irin na Sublime Text, inda mutum ke rubuta sunan umarnin da yake so ba sai ya haddace maɓallinsa ba.

Mai_Zane:
To a nan ma akwai magana. A Photoshop Ctrl+T ba sabon shafi yake buɗewa ba, juya hoto da canza girmansa yake yi, kuma ya riga shafukan burauza shahara. In aka zo rubuta umarni ashirin ɗin da Injiniya ya ce, T na wa zai zama?

Ɗan_Linux:
Kuma a cikin ashirin ɗin nan akwai C, wanda har yanzu ba a ba ni amsa a kansa ba.

Injiniyan_Manhaja:
Naka yana da mafita, Malam Ɗan_Linux, kuma Windows Terminal yana yin ta: idan akwai rubutun da aka zaɓa, Ctrl+C ya kwafa, idan babu ya katse shirin. Na san za ka ce maɓallin da aikinsa ya dogara da abin da ido ya gani ba abin yarda ba ne a lokacin gaggawa, kuma Malam Mai_Gani_da_Kunne yana da ta cewa a kan haka fiye da ni. Na T kuwa ba ni da amsa. Amma ina so in ji daga masu amfani da Windows da Mac a rana ɗaya: in aka ce ku zaɓi ɗaya tsakanin Ctrl+Y da Ctrl+Shift+Z, a kashe ɗayan har abada, wanne za ku bari?

Malamar_Kwamfuta:
Ni Y zan bari saboda masu hannu ɗaya, duk da cewa na san Mai_Fassara zai tuna mini inda Y yake a kibod ɗin Jamusanci.